Ɗaki na Ɗari: Ta'aziyyar Kawu Hambali Mai Ɗaurin Kaya

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Asabar, sha biyar ga watan Nuwamba na 2025, da hantsi, Allah ya yi wa Malam Hambali Tanimu rasuwa a gidansa da ke bayan tashar mota ta Agiye, yana da shekara sittin da takwas. An yi masa sutura bayan sallar azahar. Masu lodin tasha ne suka fara ɗaga makararsa, kuma ranar babu motar da ta tashi daga Agiye tsakanin azahar da la'asar. Ni sunana Rabilu, ɗan ƙanwarsa ne, ina da shagon cajin waya a bakin tashar. Ban iya rubutu irin na malamai ba. Abin da na sani game da shi zan faɗa, har da wanda ba ya mini daɗin faɗa.

Shekara talatin da huɗu Kawu ya yi yana ɗaura kaya a saman motocin da ke bin hanyar Maraɗi da Gazawa, da waɗanda ke kutsawa cikin yashi zuwa Gangara ranar kasuwa. Buhunan aya da gero, babur, akuya, gadon amarya, injin niƙa, babu abin da bai hau da shi sama ba. Siriri ne, bai fi sauran masu lodi ƙarfi ba. Inda ya fi su shi ne ba ya taɓa igiya sai ya zagaya kayan sau biyu, ya ɗan ɗaga kowanne ya ji nauyinsa, sannan ya nuna wanda zai fara hawa. Direbobi na ƙorafin yana ɓata musu lokaci, amma in suna da kaya masu fashewa shi suke jira. Tambaya ɗaya gare shi, ya yi ta yinta har ta zama abin tsokanarsa a tasha. Sai ya nuna buhu ko akwati ya ce, "Mi ke riƙe da shi?" In ba ka da amsa, a sauke a sake.

Wata shekara wani makiyayi ya zo tasha da iyalinsa za su ƙaura yamma, wajen Gidan Rumji. Matarsa Balkisu na ɗauke da ƙwarya ashirin da bakwai, kayan ɗakinta ke nan gaba ɗaya. An riga an gama ɗauri, direba ya ce babu wuri, ko ta bar su ko ta jira wata motar. Ta zauna kusa da ƙorenta. Kawu ya dube ta, ya hau ya kwance ɗaurin da ya ci masa awa guda, ya sauke komai cikin rana, ya jera ƙoren ɗaya cikin ɗaya da tsumma a tsakani, ya kewaye su da buhu huɗu. Ko ɗaya ba ta tsage ba. Tun daga shekarar, duk kaka sai man shanu ya iso gidan Kawu a hannun wani direba. Ranar addu'ar uku na ga mijin nata zaune a layin baya, ya taso tun daga Gidan Rumji.

Yana da taurin kai, kada a ce na ɓoye. In ya ce ɗauri bai yi ba, ko wa ya sa baki bai yi ba. An taɓa kawo siminti za a kai Gangara, ya ce ya fi ƙarfin ƙarfen saman motar, ya ƙi taɓawa. Direban ya zage shi tas a gaban jama'a, ya samo wasu suka ɗaura masa. Motar ta isa lafiya. Aka zo da gudu aka faɗa wa Kawu don a ga yadda zai yi, ya ce alhamdu lillahi, kuma in ta dawo gobe da irin kayan nan ba zai ɗaura ba. Tsawon zamana da shi ban ji ya ce wa abin da bai yi ba ya yi, ko don ya faranta wa wani rai.

Ana cewa kayan da ya ɗaura ba su taɓa zubewa ba. Shi kuwa in ya ji sai ya ce, "Sai na Cadawa." Na Cadawa ba shi ba ne, ni ne. Ina ɗan shekara ashirin, ina koyon aikin a hannunsa, muka bi wata mota zuwa Maraɗi. A hanya, daidai garin Cadawa, igiya ɗaya ta fara tsinkewa, ya ce in hau in canja ta. Masu lodi na da ƙa'ida, ya kuma faɗa mini ita ba sau ɗaya ba: in za a canja igiya a kan kaya, sai sabuwar ta ɗauki nauyin kafin a kwance tsohuwar. Ni kuwa na ga tsohuwar na tare mini hannu, na yi gaggawa na kwance ta. Buhun aya shida suka gangaro, uku suka fashe a yashi. Bai ɗaga murya ba. Ya yi mini kallo ɗaya, ya gaya wa mai kayan cewa shi ya yi kuskuren, sannan ya durƙusa muka yi ta tsintar aya har rana ta yi sanyi. Daga baya na bar lodi na kama sana'ar waya, bai taɓa yi mini gori da ranar ba.

Kawu, sauran maganar tsakanina da kai ce, don haka kai zan faɗa wa.

A daminar 2023 ka faɗi a tasha kana cikin nuna inda za a sa buhu. Likita a Maraɗi ya ce hawan jini ne. Ɓarinka na dama ya shanye, hannu da ƙafa, magana kuma ta dawo bayan wata guda, da nauyi. Aka dawo da kai gida, ka juya fuskarka bango. An yi maka shimfiɗa a zaure don ka riƙa ganin mutane, ka ƙi, saboda daga zauren ana hango motoci na fita da kaya a karkace, kai kuwa ba ka iya tashi ka gyara. Inna Asiya, matarka, takan kawo tuwo ta ɗauke shi yadda ta kawo shi. Wata huɗu aka yi a haka, ka rame har rigunanka suka yi maka yawa.

A shagona mutane kan kawo waya in tura musu wa'azi ko waƙoƙi ko wasanni. Wani matafiyi ya taɓa kwafe mini wasu wasanni daga katin wayarsa, a cikinsu akwai ɗaya da aka rubuta sunansa da rubutun da babu mai karanta shi a Agiye. Wasan ba shi da wuyar bayani. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, a cikinsa akwatuna, da dunƙulen ƙarfe, da tulu ɗaya, da ƙofa a wani bango. Ba ka da ikon taɓa komai. Ɗakin kaɗai kake juyawa da yatsa, hagu ko dama, bango ya koma ƙasa, ƙasa ta koma bango, duk abin da ba shi da madogara ya faɗo. Abin da ake so shi ne tulun ya fita ta ƙofa bai fashe ba. In ya faɗo daga nesa ya fashe, in ƙarfe ya faɗo masa ya fashe. Ɗaki ɗari ne, kowanne ya fi na bayansa wuya, babu agogo, babu kiɗa, ba ya bukatar rezo, wato sabis ɗin waya.

Ba don magani na kawo maka shi ba, gara in faɗi gaskiya. Na zo gaishe ka ne, ka ƙi juyowa, na ciro waya na ci gaba da ɗaki na bakwai da ya gagare ni kwana biyu. Ƙarar fashewar tulu ce ta dame ka. A karo na huɗu ka juyo don ka yi mini faɗa, sai ka tsaya kana kallo. Can ka ce, "Juya hagu. Ƙara. Dakata, ƙarfen can za ya faɗo bisa tulu." Wata huɗu ba ka yi magana mai tsawon wannan ba. Na bar maka tsohuwar wayata da wasan a ciki.

Ka sa masa suna Juyi. Yadda kake lodi haka kake yin sa: sai ka yi hantsi guda kana kallon ɗaki ba ka taɓa ba, sannan ka juya sau biyar tulu ya fita. Wani ɗakin ya ci maka kwana uku. Ka ce mini, "Wanga wasa ba ya ƙarya, mai nauyi ƙasa yake nema." Ka fara cin tuwo, waya a gefen kwano. Ka yarda aka fito da kai zaure don hasken can ya fi, masu lodi suka riƙa zuwa suna zama, har ka koma yi musu tsawa in ka hango ɗauri ya karkace. Bayan ƙaramar sallar 2024 ka fitar da tulu daga ɗaki na casa'in da tara.

Nan ka tsaya. Na ce saura ɗaya, ka ƙarasa mana. Ka ce, "Samo mini irinai tukun." Na ce ai in ka gama sai a nemo wani. Ka yi mini irin kallon Cadawa, na gane tsohuwar igiya ce ba za ka kwance ba sai sabuwa ta ɗauki nauyi. Da zan fita Inna Asiya ta tare ni a bakin zaure ta ce, "Rabilu, in abin ga ya ƙare bango za ya koma, ni na san shi. Ka nemo." Na yi mata alkawari, ina tsammanin aikin sati ɗaya ne.

Da sunan wasan ba a iya nema, tunda ba mu iya karanta shi ba. Mushe Abdurrahaman, mai koyar da lissafi a lakol, wato makarantar boko, a Gazawa, ya rubuta mini a takarda yadda zan tambayi intanet da Faransanci: wasannin da suka yi kama da wanda ake juya ɗaki kaya su faɗi. Amsoshi suka yi ta fitowa, kowane shafi da goma nasa, kowa na rantsuwa nasa ne suka fi kama. Na riƙa saukewa, duk Alhamis ɗin da na samu in kawo maka ɗaya ko biyu.

Na fara kawo maka wanda tubala ke saukowa daga sama ana jera su, in layi ya cika ya ɓace. Ka ce, "Ina kayan sunka tahi?" Na ce haka wasan yake. Ka ce in je in gaya wa mai kaya haka. Wanda ake tura akwatuna ana kallonsu daga sama, ka ce ba shi da ƙasa. Akwai wani mai kyan gani, matakala biyu da ba su haɗu ba sai su haɗe in an karkata ido, ka ce rufa-ido ne, a kai wa masu wasan kasuwa. Masu agogo ba ka ko kalle su ba. Wani kuma ya yi kyau har ɗaki na uku, sai ga talla ta faɗo da kiɗa da rawa daidai lokacin da limamin unguwa ya zo duba ka. Ranar Inna Asiya ta yi dariya har ta zauna ƙasa, ni kuwa na sha faɗa.

A wata na shida na fara jin haushinka, ban ɓoye ba. Na ce, Kawu, wasa ne fa. Ka ce, "Na sani wasa ne. Don wasa ne sai shi yi mini ƙarya?" A hanyar komawa shago na gane inda muka saɓa. Ni kamanni nake nema, akwati da juyi da ƙofa. Kai kuwa wasan da duk abin da ya tsaya a cikinsa akwai abin da ke riƙe da shi kake nema, wanda kuma zai jira ka har ka gama tunani. Irin wannan ba su da yawa, kuma masu rubuta jerin goma-goma ba da shi suke aunawa ba.

Sau ɗaya muka zo kusa. Mushe Abdurrahaman ya samo wani a ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, inda mutum ke tafiya cikin gini, duk bangon da ya zaɓa ya zama ƙasa, kaya su bi. Mun yi sati muna gwada shi ni da shi, ba mu kama shi da ƙarya ko ɗaya ba. Muka ɗauko ordinater ɗin a babur daga Gazawa. Ka kalli Mushe yana yi, ka gyara zama, ka ce a ba ka. Aka ɗora maka a cinya. Wasan na bukatar hannun hagu don tafiya, na dama don dubawa. Ka sa hagu a kan maɓallan, sannan ka dubi hannunka na dama inda yake kwance. Mushe ya ce shi zai riƙa yi maka na dama. Ka ce, "Na gode, Mushe. Ku ɗauke." Kwana biyu ba ka ci abinci ba. Mu biyu masu hannu huɗu mun yi sati a kan wasan, ko ɗayanmu bai lura ba, kuma na ji kunyar da ban ji irinta ba tun Cadawa.

Kai ka ceci kanka a wannan karon. Ka koma ɗaki na ɗaya na Juyi ka fara daga farko, kana neman fitar da tulun da juyi kaɗan fiye da da. Ka sake kaiwa casa'in da tara, ka sake komawa. Ɗaki na ɗari yana nan a rufe. Duk Alhamis in na shigo, Inna Asiya hannuna take fara duba kafin fuskata. Shekara ɗaya da rabi, wasa arba'in da ɗaya na kawo maka, arba'in ka mayar mini.

Bayan daminar bana jikinka ya ƙara sanyi, kowa ya gani. Ɗanka Faruku, direba, ya ba ni labarin wani mai shagon waya a Gidan Rumji da ke ajiye tsofaffin wasanni. Na rufe shago na tafi, na yini ina bincika. Wajen la'asar na ci karo da ɗaya: ana juya ɗaki, yatsa ɗaya ya isa, babu agogo, babu rezo, kwalba ce a madadin tulu. Na yi ɗakin farko, na ga komai na faɗuwa yadda ya kamata, na ji mota na kiran Maraɗi, na tura shi a wayata na fita da gudu. Ban buɗe ɗaki na biyu ba.

Ranar Alhamis, sha uku ga wata, na sa maka shi. Ka fitar da kwalbar daga ɗakin farko da juyi uku. Ɗaki na biyu ya buɗe, ka daɗe kana kallo, ni ina gefe ina kallon fuskarka. Sannan ka kife wayar a kan tabarma ka ce, "Wanga ya yi. Ka samo irinai. Ka huta da nema haka nan, Allah shi yi maka albarka." Na fita na faɗa wa Inna Asiya, ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Na koma shago ina ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ganina da kai na ƙarshe ke nan kana da rai.

Bayan addu'ar uku Inna Asiya ta kira ni ta miƙo mini wayar a naɗe cikin tsumma. Ta ce, "Ran Juma'a da anka sauko masallaci ya ce in tada shi zaune. Yana riƙe da ita har la'asar. Sannan ya aje, ya ce in dama mishi fura, ya shanye tas. Ya ce wayar a ba Rabilu."

Na kai ta shago na sa a caji. Sabon wasan na fara buɗewa, don in ga inda ka kai. Yana nan a ɗaki na biyu, ko juyi ɗaya ba ka yi ba. A tsakiyar ɗakin akwai akwati tsaye a iska, babu bango, babu igiya, babu abin da ke taɓa shi. Masu wasan sun sa shi ne don ado. Ni da ba gwani ba da kallo ɗaya na gan shi, balle kai da ka daɗe kana dubawa. Sai na buɗe Juyi. Ɗari cikin ɗari. Ƙofar ɗaki na ƙarshe a buɗe, tulun na waje lafiya lau.

Na rufe ƙofar shago na yi kuka. Mutumin da direba ya zaga a gaban jama'a bai sauya magana ba, shi ne ya dubi akwati na reto a iska ya ce mini ya yi. Sau ɗaya ka ce wa abin da bai yi ba ya yi, kuma don in huta ne. Sau biyu ke nan gaggawata ta jawo abu kana rufa mini asiri. Ban samo maka irinsa ba, Kawu. Takardar Mushe na nan manne a bangon shago, har yanzu in rezo ya yi kyau sai in tarar na rubuta tambayar.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Asiya, wadda ta yi jinyar shekara biyu da wata uku ba a ji ta yi tsaki ba, da 'ya'yansa Faruku da Salima da Zahra'u, da mahaifiyata Halima da ta rasa yayanta, da masu lodi da direbobin tashar Agiye, da iyalin Balkisu na Gidan Rumji. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Allah ya jiƙan Malam Hambali, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Maganar da ya faɗa mini ranar Alhamis kuwa, ya Allah, kada ka rubuta masa ita a ƙarya, tausayi ne.

Na san ka, Kawu, ba ka kwance tsohuwar igiya sai wata ta ɗauki nauyi. Wadda ka ji ta riƙe ka ranar Juma'ar nan ba ni na samo maka ita ba. Allah ya sa ta riƙe ka har ka isa. Amin.